Sarkin Dawa Ba Dawa: Tarihin Ɓacewar Zaki a Afirka ta Yamma

1.0 Gabatarwa

Da wuya a sami wata dabba da ta shiga bakin Bahaushe kamar yadda zaki ya shiga. A fada, idan sarki ya yunƙura zai miƙe ko zai hau, da sunan zaki dogarai da fadawa kan gaishe shi. A tatsuniya kuwa shi ne manyan dawa, wanda ake kai wa ƙara, dila yana yi masa malanta, kura tana yi masa fadanci cikin tsoro. Sunayen yanka irin su Haidar da Usama, waɗanda suka shigo ta hanyar Larabci, su ma zaki suke nufi. Amma duk da wannan matsayi, mafi yawan Hausawan da ke raye a yau ba su taɓa jin rurin zaki a dawa ba. Wanda ya gan shi da idonsa, to galibi a gidan zu na Kano ko na Jos ya gan shi, yana kai da kawowa a bayan ƙarfe.

A shekarar 2014 wasu masana namun daji, ƙarƙashin jagorancin Philipp Henschel, suka fito da sakamakon wani bincike da suka shafe shekara shida suna yi a gandayen daji 21 na Afirka ta Yamma, waɗanda ake kyautata zaton akwai zaki a cikinsu. A wurare huɗu kawai suka same shi: Niokolo-Koba ta ƙasar Senegal, da dajin da ya haɗa W da Arli da Penjari a kan iyakokin Nijar da Burkina Faso da Benin, sai Kainji da Yankari a Nijeriya. Sun ƙiyasta cewa zakokin da suka rage a yankin baki ɗaya ba su wuce kimanin 400 ba, kuma waɗanda suka isa haihuwa daga cikinsu ba su kai 250 ba. Filin da suke zaune a kansa bai fi kashi ɗaya da ɗigo ɗaya cikin ɗari na inda kakanninsu suka mamaye ba.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda aka yi aka zo ga wannan hali. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, harbi da guba sun kashe zakoki da yawa, amma abin da ya karya su shi ne rasa dawa da namun da ke cikinta, domin irin zaman da zaki ke yi ba ya yiwuwa a ƙunci. Saboda haka dole a fara da halin dabbar kanta kafin a shiga tarihi.

2.0 Halin Zaki a Dawa

Mafi yawan abin da aka sani game da zaman zaki daga Gabashin Afirka aka samo shi, musamman dajin Serengeti na ƙasar Tanzaniya. A can ne George Schaller ya zauna daga 1966 zuwa 1969 yana bin zakoki dare da rana, ya fitar da littafinsa a 1972. Daga 1978 kuma Craig Packer da Anne Pusey suka ɗora, suna rubuta haihuwa da mutuwar kowane zaki da suka sani, har aka sami tarihin zuriya bayan zuriya.

Abu na farko da wannan aiki ya tabbatar ya saɓa wa hoton da tatsuniya ta ba mu. A cikin dangin kyanwa duka, wato su damisa da sauransu, zaki ne kaɗai ke zaman garke, kuma ginshiƙin garken mata ne. Uwa da 'ya'yanta mata da 'yan'uwanta da jikokinta su ne masu gida, su ne suka gaji yankin, kuma a nan za su mutu. Su ne ke yin mafi yawan farauta, galibi da dare, kuma sukan haɗa 'ya'yansu wuri ɗaya su yi renonsu tare, har zakanya takan shayar da ɗan 'yar'uwarta. Namiji kuwa baƙo ne. Idan ya kai shekara biyu zuwa huɗu sai a kore shi daga garken da aka haife shi, ya shiga yawo tare da 'yan'uwansa maza ko wani abokin da ya tsinta a hanya, har su yi ƙarfin da za su far wa mazan wani garke su ƙwace shi. Sarautar da suka samu ta wannan hanya ba ta daɗewa, don a Serengeti kimanin shekara biyu ake yi kafin wasu su zo su tumɓuke su. Ke nan mai gezar da ake yi wa kirari ɗan riƙon ƙwarya ne a gidan mata.

Gajartar wannan sarauta ita ce ta haifar da ɗabi'ar da ta fi kowace tayar da hankalin mai kallo. Zakanya takan ɗauki ciki na kwana 110 ko kusa da haka, ta haifi biyu ko uku, wani lokaci huɗu, ta ɓoye su a ƙurmi na 'yan makonni kafin ta kawo su cikin garke. Ba za ta sake neman namiji ba sai sun kai wajen shekara ɗaya da rabi ko biyu. Sababbin mazan da suka ci garke da yaƙi ba su da lokacin jira, saboda haka sai su kashe ƙananan 'ya'yan da suka tarar, su kori waɗanda suka ɗan tasa. Ba da jimawa ba matan sai su sake karɓar namiji. An ƙiyasta cewa kimanin kashi ɗaya bisa huɗu na 'ya'yan zakin da ke mutuwa a shekararsu ta farko a Serengeti ta wannan hanya suke mutuwa. A nan ya kamata a lura da wani abu da zai dawo a gaba: maharbin da ya kashe namijin da ke riƙe da garke yana ganin dabba ɗaya ya kashe, alhali ya buɗe ƙofar da za a shigo a hallaka duk 'ya'yan da ke ƙasa.

An daɗe ana zaton farauta ce ta sa zakoki zaman garke. Binciken baya-bayan nan ya nuna cewa tsaron ƙasa ya fi ta nauyi. A 1994 Karen McComb da abokan aikinta suka riƙa sa wa zakanyu faifan rurin baƙi ta lasifika da dare, sai aka ga suna lissafi: idan muryar baƙuwa ɗaya suka ji alhali su uku ne, sai su tasar mata; idan muryoyi uku suka ji alhali su biyu ne, sai su yi jinkiri ko su nemi 'yan'uwa. Ruri, wanda ake iya jinsa daga nisan kilomita takwas, sanarwa ce ta mallaka da kuma yawan masu gida. Garken da ya fi yawan mata shi ke riƙe da wuri mafi kyau, musamman mahaɗar rafuka inda akwai ruwa da inuwa da maɓoya, kuma inda namun daji ba su da makawa sai sun zo sha. Garken da ya ragu zuwa mace ɗaya ko biyu da wuya ya raya 'ya'ya.

Daga ƙarshe akwai maganar ciki. Babban zaki na bukatar abin da ya kai kilo biyar zuwa bakwai na nama a kowace rana idan aka raba, ko da yake yakan ci mai yawa a zama ɗaya ya kwana biyu ko uku bai ci ba, yana kwance kusan awa ashirin a yini. Gada da zomo ba za su riƙe garke ba, sai manyan dabbobi irin su ɓauna da gwanki da kanki da maraya da gwambaza da mugun dawa. Gwargwadon ƙarancin waɗannan, gwargwadon faɗin ƙasar da garke ke bukata. Ƙasar Afirka ta Yamma ba ta da ƙarfin ciyawa irin na filayen Serengeti, don haka tun asali namunta ba su kai na can yawa ba, garkunan zakinta ƙanana ne, yankunansu kuma manya. A gandun Waza na arewacin Kamaru an taɓa auna yankin zaki aka ga ya haura murabba'in kilomita 600. Mazan wannan yanki kuma da yawansu gezarsu gajera ce ko ma babu ita sosai, kamar yadda ake gani a Penjari.

3.0 Kafin Zuwan Turawa

Har zuwa ƙarni na 19, zaki yana ko'ina a ƙasar da ta miƙa daga Kogin Senegal zuwa Tafkin Chadi, in ban da ƙurmin kudu mai duhu da tsakiyar hamada. Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasar Hausa da suna Abdulkarim, ya ratsa duwatsun Azbin a 1850 a kan hanyarsa ta zuwa Agadas, ya kuma ba da labarin zakokin da ke cikin kwaruruwan wurin, har ya lura cewa ba su da geza. Idan har zaki ya rayu a Azbin, to ba a maganar dazuzzukan Zamfara da Borgu da Bauchi da Adamawa.

Ba wata doka ce ta tsare wannan dawa ba. Abubuwa uku ne suka tsare ta, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ɗan Adam zai so ya dawo. Na farko yaƙi. Tsakanin kowace daula da abokiyar gabarta akan bar daji mai faɗi wanda ba mai iya noma a cikinsa saboda hari. Dajin Gundumi, wanda Clapperton ya ƙetare a 1824 da rakiyar mahayan da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya aiko masa, irin wannan ne. Jama'a suna cikin garuruwa masu ganuwa, gonaki suna kewaye da ganuwar, abin da ya wuce nan kuwa na namun daji ne da 'yan fashi. Na biyu ƙudan tsando, mai sa wa shanu sammore, mutane kuma ciwon barci, wanda ya hana makiyaya sauka cikin dazuzzukan da ke kudu da ƙasar Hausa sai da rani. Na uku makantar da wani ɗan ƙaramin ƙuda na bakin kogi ke haddasawa, wadda ta kori ƙauyuka daga kwaruruwa masu albarka. Mahaɗar rafukan da zaki ya fi so ita ce daidai inda cuta ta hana mutum zama. Wasu wuraren ma an taɓa zama a cikinsu aka tashi: a cikin Yankari har yau ana ganin kufan matoyar tama da tsofaffin rijiyoyi.

Wannan ba ya nufin ba a kashe zaki a wancan zamani. Ana kashe shi, amma aiki ne na mutane ƙalilan, maharba masu sarkin baka da asirai da kibiya mai dafi, kuma wanda ya yi shi yakan yi suna. Misali mafi bayyana na yadda abin yake shi ne wanda Jean Rouch, Bafaranshe mai ɗaukar fim, ya ɗauka a kan iyakar Nijar da Mali da ƙasar da ake kira Burkina Faso a yanzu, ya fitar a 1965. Fim ɗin ya nuna maharban Gaw na ƙabilar Songai, waɗanda Fulani makiyaya kan kira idan wani zaki ya wuce gona da iri. Bisa ga abin da Rouch ya rawaito, makiyayan sun saba da zaki ya ɗauki saniya jefi-jefi, musamman marar lafiya, kuma sun san zakokin yankinsu ɗaya bayan ɗaya ta sawunsu. Sai wanda ya shiga kisa ba don ci ba ake neman a kawar. Maharban kan shafe lokaci suna haɗa dafi, su kafa tarko, idan sun harbi dabbar kuma su yi ta lallashinta da kirari har ta cika. Ko da an ɗebe abin da mai fim ya ƙara don armashi, abin da ya rage ya isa nuna cewa akwai ƙa'ida tsakanin makiyayi da zaki, kuma ƙa'idar ta tsaya ne a kan cewa zaki yana da abin ci a dawa ban da shanu.

4.0 Bushiya, Bindiga da Doka

Girgiza ta farko ta zo ne tun kafin Turawa su ci ƙasar. Wajen 1887 cutar bushiya ta shigo Afirka ta gaɓar Eritiriya tare da shanun da sojojin Italiya suka kawo, kuma kafin 1891 ta iso ƙasar Hausa da Borno. Ta kashe mafi yawan shanun Fulani, abin da aka fi tunawa da shi ke nan, amma ta kuma kashe ɓauna da mugun dawa da wasu manyan namun daji masu kofato. Zaki ba ya kamuwa da bushiya, abincinsa ne ya mutu. Cutar ta sake dawowa sau da dama, har da ɓarkewar 1983 wadda ta yi wa Nijeriya mummunar ɓarna, kuma sai a 2011 aka ba da sanarwar kawar da ita daga duniya.

Sannan sai doka. A watan Mayu na 1900 ƙasashen Turai masu mulkin mallaka suka taru a Landan suka sa hannu a kan yarjejeniyar kare namun dajin Afirka. Yarjejeniyar ta kasa dabbobi kashi-kashi, kuma abin lura shi ne inda ta ajiye zaki: a jeri na biyar, tare da damisa da kura da kyarkeci da kada da macizai masu dafi, wato dabbobi masu cutarwa waɗanda ake so a rage yawansu. Ko da yake yarjejeniyar ba ta fara aiki a hukumance ba saboda wasu ƙasashen ba su tabbatar da ita ba, ruhinta ya shiga dokokin da aka yi a ƙasashen da ake mulka, ciki har da dokar kare namun daji ta Nijeriya ta 1916. Abin da Bature ke so ya kare shi ne dabbar da zai harba don nishaɗi, zaki kuwa kishiyarsa ne a kan wannan dabba. Wanda ke son ganin ƙarshen irin wannan ra'ayi sai ya dubi Afirka ta Arewa, inda Faransawa suka riƙa biyan lada ga duk wanda ya kashe zaki a Aljeriya. Zakin duwatsun Atlas na ƙarshe da aka tabbatar an harbe, a Maroko aka harbe shi a 1942.

A Afirka ta Yamma kuwa, zaman lafiyar da ya biyo bayan yaƙe-yaƙe ya fi bindigar Bature tasiri. Da hari ya ƙare sai jama'a suka fito daga ganuwa, aka sari dazuzzukan kan iyaka aka kafa ƙauyuka da tunga-tunga. Haraji na kuɗi ya tilasta noman gyaɗa da auduga, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 don kwashe su. Allurar shanu ta sa garkuna suka farfaɗo suka ninka. Daga shekarun 1950 aka shiga yaƙi da ƙudan tsando a arewacin Nijeriya ta hanyar sare kurmin bakin rafi da feshin magani, daga 1974 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara shirin yaƙi da makantar kogi a ƙasashen kwarin Volta da maƙwabtansu. Duk waɗannan alheri ne ga ɗan Adam, babu mai hankalin da zai ce kada a yi su, amma kowane ɗayansu ya janye wani shinge da ke tsakanin gatari da dawa. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1985 suka ƙara turo makiyaya kudu. Ƙidayar 1952 zuwa 1953 ta ba Nijeriya mutum kimanin miliyan 30, ta 1991 miliyan 88 da ɗoriya, ta 2006 kuma miliyan 140.

Yadda ƙarshen zaki kan kasance a kowane daji kusan iri ɗaya ne, kuma halinsa da aka bayyana a baya shi ke fassara shi. Da farko masu neman naman daji na sayarwa, da bindigar toka da tarkon waya, sukan rage ɓauna da gwanki da kanki. Shanu su shigo su cinye ciyawar da ta rage, su mamaye mashaya. Zaki ya faɗaɗa yawonsa, ya fita daga daji, ya faɗa wa garken shanu. Makiyayin da aka kashe wa saniya, wanda ba shi da inda zai kai ƙara balle a biya shi, ba ya bukatar sarkin baka a yanzu, domin maganin ƙwari na gona yana da araha a kowace kasuwa. Zaki yana da ɗabi'ar komawa ga mushen da ya bari, kuma garke tare yake ci, saboda haka gwangwani ɗaya kan kashe uwa da 'ya'ya da 'yan'uwa a dare ɗaya, ya haɗa da kura da ungulu. Ga kuma kasuwar kitsen zaki da fatarsa da haƙoransa wajen masu maganin gargajiya, wadda ta sa mushen ma kuɗi ne.

5.0 Gandayen Daji

Tunanin keɓe wuri don namun daji ya zo a makare, bayan an riga an cinye mafi yawan dawar. Faransawa sun mai da dajin W gandun ƙasa a 1954, sunan kuwa ya samo asali ne daga yadda Kogin Kwara ya karkace a wurin kamar wannan harafi na boko. A Nijeriya gwamnatin Jihar Arewa ta keɓe Yankari a 1956, aka buɗe ta ga masu ziyara a watan Disamba na 1962. Faɗinta murabba'in kilomita 2,244 ne, kuma rayuwarta ta dogara ne a kan Kogin Gaji, inda dabbobi ke taruwa da rani. Gwamnatin tarayya ta karɓe ta a 1991, ta mayar wa Jihar Bauchi a 2006. Gandun Kainji kuwa, mai faɗin murabba'in kilomita 5,340, an kafa shi a 1979 ta hanyar haɗa dazuzzukan Borgu da Zugurma. Sai a 1985 aka yi dokar soja mai lamba 11 wadda ta sa zaki cikin dabbobin da aka hana farautarsu da cinikinsu, wato shekara 85 bayan taron Landan.

Idan aka auna waɗannan wurare da ma'aunin mutum, manya ne ƙwarai. Idan aka auna su da ma'aunin dabbar da garke ɗaya nata kan bukaci ɗaruruwan murabba'in kilomita, sai a ga ƙanƙantarsu. Binciken Henschel ya ba Nijeriya duka zaki kimanin 34, mafi yawansu a Kainji, ya kuma nuna cewa kusan kashi 90 cikin ɗari na zakokin Afirka ta Yamma suna dajin W da Arli da Penjari ne, wanda shi kaɗai ne ke da faɗin da garkuna da yawa za su zauna kusa da juna. Wata 'yar Nijeriya, Talatu Tende, ta bi wata hanya dabam, ta tattara kashin zaki ta ciro ƙwayoyin gado daga ciki, ta gane aƙalla zakoki takwas a Yankari da goma a Kainji. Alƙaluman sun saɓa, kuma ba abin mamaki ba ne, domin ƙidayar dabbar da ke yawo da dare kuma ta koyi gudun mutum aiki ne mai wuya. Amma duk wanda aka ɗauka, lissafin da yatsu ake yin sa. A 2015 Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya ta sa zakin Afirka ta Yamma a matakin da ke dab da ƙarewa.

Ƙaramin adadi yana da nasa ciwon ko da ba a harbi ko ɗaya ba. A kwarin Ngorongoro na Tanzaniya, annobar wani ƙuda mai cizo ta rage zakoki zuwa goma sha wani abu a 1962. Sun sake yawaita, amma da yake duk jikokin waɗancan 'yan kaɗan ne, an ga raunin haihuwa a cikinsu daga baya. A 1994 kuma wata cutar karnuka ta kashe kusan zaki 1,000 a Serengeti, wato kashi ɗaya bisa uku. Serengeti ta farfaɗo saboda tana da dubu biyu da suka rage. Wurin da ke da goma ba shi da wannan rata.

6.0 Ɗan'uwa a Indiya

A 2017 masana suka sake rarraba jinsin zaki bisa ga shaidar ƙwayoyin gado, suka mai da shi gida biyu. Zakokin Gabashi da Kudancin Afirka gida ɗaya ne. Na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya kuwa, tare da na Atlas da ya ƙare da kuma na Indiya, su ne ɗaya gidan, wanda ake kira Panthera leo leo. Wato zakin Yankari ya fi kusa da na Indiya a kan na Serengeti. Wannan ya sa asararsa ta fi yadda aka zata nauyi, don ba za a ɗebo na Kenya a maye gurbinsa a ce an mayar da abin da aka rasa ba. Ya kuma sa tarihin zakin Indiya ya zama abin dubawa.

Zakin Asiya ya taɓa mamaye ƙasa tun daga Turkiyya da Iraƙi da Farisa har tsakiyar Indiya. Kafin ƙarshen ƙarni na 19 farautar sarakuna da hafsoshin Ingila ta ƙarar da shi a Indiya in ban da dajin Gir, cikin masarautar Junagadh, a Jihar Gujarat ta yanzu, inda ake jin 'yan gomiya kaɗan suka rage. Sarakunan Junagadh, waɗanda Musulmi ne masu laƙabin Nawab, su suka taƙaita harbinsa, kuma an rawaito cewa a 1900 Lord Curzon, wakilin Sarauniya a Indiya, ya fasa farautar da aka gayyace shi da ya ji yadda suka ragu. An mai da Gir wurin da aka keɓe a 1965. Ƙidayar 1968 ta sami zaki 177, kuma a lokacin kusan kashi uku bisa huɗu na abincinsu dabbobin makiyayan Maldari ne da ke zaune cikin dajin. Daga 1972 hukuma ta fitar da iyalai da yawa na makiyayan, ta hana shanun waje shiga. Wannan mataki ya cutar da mutanen da aka tayar, kuma bai kamata a ɓoye hakan ba. Amma ciyawa ta dawo, barewar dajin ta ninka sau da yawa, zaki ya koma cin naman dawa. Makiyayan da suka rage kuma ana biyan su diyya idan zaki ya kashe musu dabba. Ƙidayar 2015 ta sami 523, ta 2020 ta sami 674, ta 2025 kuma 891, da yawansu ma a wajen gandun suke, cikin gonaki da bakin teku. Gir ɗin da aka keɓe bai kai Yankari faɗi ba.

Ba a ce komai ya daidaita a can ba. Dukkansu a yanki ɗaya suke, kuma a 2018 cutar karnuka ta kashe fiye da ashirin cikin 'yan makonni. Tun 2013 Kotun Ƙolin Indiya ta ba da umurnin a kai wasu dajin Kuno don kada annoba ɗaya ta share su, Gujarat ta yi ta jan ƙafa. Duk da haka jerin matakan a bayyane yake: an fara da mai iko da ya ɗauki dabbar tasa ce, aka dawo da abincinta, aka kuma ɗauke wa makiyayi asara.

A Afirka ta Yamma an ɗan fara bin wannan hanya. Ƙungiyar WCS ta shiga taimaka wa Jihar Bauchi wajen sintiri a Yankari, ƙungiyar African Parks ta karɓi ragamar Penjari a 2017 da ɓangaren W na Benin a 2020, a 2017 ɗin kuma UNESCO ta sa dajin W da Arli da Penjari baki ɗaya cikin wuraren tarihi na duniya. Sai dai a daidai wannan lokaci ne 'yan bindiga masu tayar da ƙayar baya a Sahel suka mai da dajin maɓoyarsu. An janye ma'aikata daga manyan sassa na ɓangaren Burkina Faso da Nijar, a watan Fabrairu na 2022 kuma nakiyoyin da aka binne a hanya suka kashe ma'aikatan gandu a ɓangaren Benin. Dajin Kainji ma bai tsira daga masu ɗauke da makamai ba. Yaƙin da ya tsare dawa a zamanin Gundumi na masu doki da mashi ne da ke wucewa. Na yanzu da babura da bindigogi masu sarrafa kansu ake yin sa, mayaƙan a cikin dajin suke kwana, daga cikinsa suke ci, kuma sukan buɗe shi ga duk mai shanu ko mai tarkon da ya biya su.

Binciken Tende ya gano wani abu kuma: zakokin Kainji danginsu na Benin ne, na Yankari kuwa danginsu na Kamaru. Ma'ana, a da akwai dawa da ta haɗa Borgu da Penjari, da wata da ta haɗa Bauchi da kwarin Binuwai, kuma ta cikinsu samarin zakoki ke bi idan an kore su daga gida, su je su auri baƙi. Tsakanin Yankari da Kainji akwai fiye da kilomita 500 na gonaki da garuruwa da titunan mota. Saurayin zakin da ya kai shekara uku a bakin Gaji a yau, idan lokacin fitarsa ya yi, ko dai ya zauna ya haihu da 'yan'uwansa, ko ya ƙetare iyakar gandu ya faɗa cikin shanu.